Sharhi: Raƙumin dawa na silifa, da ledar da ke cikin tumbin bisashenmu



Sharhinmu na yau a kan wata sana'a ne da ke ta yaɗuwa a duniya. Mutane na tsintar shara, leda da roba da tsofaffin takalma, su ƙera siffar dabba ko wani abin kallo da ita, don su nuna wa jama'a ɓarnar da wannan shara ke yi wa namun daji da na ruwa. Daga nesa sai ka ce wasan Turawa ne. Amma duk mai akuya ko saniya a ƙasar nan yana da ruwa da tsaki a cikin maganar.

A watan Agusta na 2025, wakilan ƙasashe sama da 180 sun taru a birnin Janeba na ƙasar Suwis, da niyyar ƙulla yarjejeniyar da za ta magance sharar roba a duniya. A filin da ke gaban ginin Majalisar Ɗinkin Duniya, wani mai fasaha ɗan ƙasar Kanada, Benjamin Von Wong, ya kafa mutum-mutumi mai tsayin mita 6: mutum zaune ya yi tagumi, da jariri a hannunsa. Kullum sai an ƙara jibga masa sharar roba, tana ta hawa kamar za ta binne shi. Wakilai na wucewa suna gani, ƴan jarida na ɗaukar hoto. Ranar 15 ga wata aka tashi baram-baram. Ƙasashe fiye da 100 na son a taƙaita yawan robar da ake ƙerawa. Wasu masu arzikin man fetur, irin su Saudiyya da Kuwait, suka ce a'a, a tsaya ga gyaran shara kawai. Kada a manta, da man fetur da iskar gas ake yin roba.

To, in abin kallo irin wannan bai sa manya sun sa hannu ba, mene ne amfaninsa? Don mu samu amsa, bari mu leƙa ƙasar Kenya a gabashin Afirka, inda aka fi shekara 20 ana wannan aiki. A can ana iya ganin abin da ya haifar, da kuma abin da ya gagare shi.

Yadda abin ya faro a Kenya

A ƙarshen shekarun 1990, wata ma'aikaciyar kare halittun teku mai suna Julie Church tana aiki a gaɓar tekun Kenya ta arewa, wajen tsibirin Kiwayu, kusa da iyakar Somaliya. Igiyar ruwa na kwaso tsofaffin silifa daga garuruwa da ƙasashe masu nisa, tana jibgewa a bakin gaɓa. Wannan gaɓa kuwa nan ne kunkuran teku ke fitowa su haƙa rami su yi ƙwai. Shara na tare musu hanya, ƴaƴan da suka ƙyanƙyashe kuma su rasa ta inda za su bi su faɗa ruwa.

Matar ta lura yaran wurin na yanka silifar suna yin abin wasa, kamar dai yadda namu ke yin mota da gwangwani da waya. Sai ta ƙarfafa wa iyayensu mata gwiwa su riƙa tsinta, su wanke, su yi abin sayarwa. Daga wannan ɗan mafari aka samu kamfanin Ocean Sole da ke Nairobi.

Aikin ba wani asiri a cikinsa. Ana wanke silifa, a manna ta ɗaya bisa ɗaya da gam har ta zama dunƙule kamar bulo, sannan masassaƙi ya sa wuƙa ya fitar da siffa, a goge ta yi sumul. Sai ka ga raƙumin dawa mai launi barkatai, ko giwa, ko kunkuru, wasu sa shiga aljihu, wasu sun fi mutum tsayi. Da yawa daga masassaƙan itace suke sassaƙawa a da, ke nan ko itatuwa ma sun ɗan samu sararawa. Ana sayar da kayan ga baƙi masu yawon buɗe ido, ana kuma fitar da su ƙasashen waje.

A 2018 aka ƙara wani mataki a tsibirin Lamu. Wani maƙerin jiragen ruwa, Ali Skanda, da abokan aikinsa suka ƙera jirgin filafilai mai tsayin kimanin mita 9 da robar da aka tsinto, kusan ton 10, suka lulluɓe shi da silifa 30,000. Suka sa masa suna Flipflopi. A farkon 2019 jirgin ya yi tafiyar kilomita 500 daga Lamu zuwa Zanzibar, yana tsayawa gari-gari, ƴan lakwal da masunta da shugabanni na zuwa kallo, ana yi musu bayani. A 2021 ya zagaya tafkin Biktoriya, ya taɓa Kenya da Uganda da Tanzaniya.

Abin da fasahar ta yi, da abin da ta kasa

Abu na farko, ta sa ido ya ga abin da ya saba gani har ya daina lura. Silifa ɗaya a bakin ruwa ba ta tayar wa kowa hankali. Silifa 30,000 a jikin jirgi guda kuwa dole mutum ya tsaya ya tambaya: duk wannan daga ina? Gani ya kori ji. Wanda bai taɓa zama a aji ba ma ya fahimci saƙon, ba sai an karanta masa rahoto ba.

Abu na biyu, ta kawo kuɗi. Mai tsinta ana biyansa, mai wanki ana biyansa, masassaƙi na cin abinci. Wannan ne ya sa aikin ya ɗore. Da wa'azi ne kawai, da tuni an gaji an watse.

Amma fa a nan gizo ke saƙa. Masana'antun duniya na ƙera roba sama da ton miliyan 400 kowace shekara, kuma abin da ake sake sarrafawa bai kai kashi 10 cikin 100 ba. In ka raba wannan adadi, za ka tarar ana fitar da sama da ton 12 a kowace daƙiƙa. Wato duk robar da aka tara don ƙera wancan jirgi ba ta kai abin da ake ƙerawa a daƙiƙa guda ba. Mai kwasar ruwa da ludayi a gindin famfon da aka bari a buɗe, sai dai ya gaji.

Su kansu masu fasahar sun san haka. Shi ya sa a taron muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a Nairobi a 2022, shi dai wannan Von Wong ya kafa wani ƙaton famfo mai tsayin gidan bene, yana kwararo sharar da aka tsinto daga unguwar Kibera, ma'ana a rufe famfon tun daga sama. A wancan taro ne, ranar 2 ga Maris, ƙasashe 175 suka amince a fara tattauna yarjejeniyar da ta cije a Busan ta Koriya ta Kudu a ƙarshen 2024, ta sake cijewa a Janeba.

To, me ya rage leda a titunan Kenya? Doka ce mai haƙora. Ranar 28 ga Agusta 2017 ƙasar ta hana ƙerawa da shigowa da sayarwa da amfani da ledar cefane, da tarar da za ta iya kaiwa shilin miliyan 4 ko ɗaurin shekara 4. Sau biyu aka gwada kafin nan abin bai kama ba. Abin da ya taimaka a karo na uku shi ne jama'a sun riga sun gani da idonsu. Wani mai ɗaukar hoto daga garin Nakuru, James Wakibia, ya shafe shekaru yana yaɗa hotunan magudanan da leda ta toshe yana neman a hana. Daga mayankun Nairobi kuma ana ta samun labarin shanun da ake ciro leda har 20 daga cikinsu. A watan Yuni na 2020 aka ƙara da hana shiga gandun namun daji da gaɓar teku da robar da ake amfani da ita sau ɗaya a yar. Duk da haka, ƴan fasa-ƙwabri na ci gaba da shigo da leda ta kan iyaka.

Darasin dai shi ne, hoto da sassaƙa sun shirya zukata, doka ta zo ta tarar da ƙasa a jiƙe. Ɗaya ba ya wadatarwa in babu ɗayan.

Mu kuma fa?

Nijar ba ta da teku, ba mu da kunkurun da ke ƙwai a gaɓa. Amma doka muna da ita, har mun riga Kenya. Doka mai lamba 2014-63 ta ranar 5 ga Nuwamba 2014 ta hana ƙerawa da shigowa da sayarwa da ajiyar leda marar kauri. An fi shekara 10 ke nan. Ku shiga kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram ko ta Tawa ku ga ko akwai abin da ba a ƙulla shi a baƙar leda: ƙosai, kifi, tumatir, mai, har fura da koko mai zafi. Ga ledar ruwan sanyi ta dala biyar da ake tsotsewa a yar nan take. Leda na da araha, tana shigowa ta Ɗan Isa da Magarya da Ƙonni, kuma ba a ba mai sayarwa wani abin da zai maye gurbinta ba. Dokar na nan a takarda, zukata ne ba a shirya ba.

Wanda ya fara biyan kuɗin wannan sakaci shi ne makiyayi. Da rani ya yi nisa, ciyawa ta ƙare, bisashe na bin juji da bakin kasuwa. Ledar da aka ƙulla abinci na ɗauke da gishiri da maiƙo, dabba ta lasa ta haɗiye. Tumbi ba ya narkar da ita. Sai ta tsaya a ciki, ta cuɗe da igiya da tsumma, ta zama dunƙule mai tauri. Dabbar na jin kamar ta ƙoshi alhali yunwa ke cinta. Ta rage cin abinci, nono ya ja baya, ƙashin baya ya fito, ciki kuwa ga shi a kumbure. Mai ita ya yi ta sayen magani da kanwa a banza, don babu maganin da ke narkar da leda. Sai dai likitan dabbobi ya yi aiki ya ciro, ko a kira mahauci a sayar da asara.

Raƙumi ma bai tsira ba. A Dubai, likitocin dabbobi da suka binciki gawar raƙuma kusan 30,000 tun daga 2008 sun samu irin wannan dunƙule a cikin kimanin 300. Wani da aka ciro daga ƙwarangwal ɗin raƙumi a hamada ya haura kilo 50, ya fi buhun shinkafa nauyi. Masu raƙuma a Abalak da Dakwaro, wannan labari naku ne.

Ƴan uwa na waje, ku ma abin ya shafe ku. Kuɗin da kuke aikowa, da yawansa a jikin dabba yake zama: ɗan maraƙin da aka turke, tunkiyar da aka saya wa inna, ragon layya. Bankin talaka ke nan. Leda guda biyar-shida na iya cinye guminku na wata da watanni.

Namun daji kuwa ba su da mai kai su wurin likita. Raƙuman dawa na Kure, kilomita kusan 60 daga Yamai, irinsu ya ƙare a duk Afirka ta Yamma sai a ƙasar nan. A 1996 saura 49 kacal suka rage. Da kulawar hukuma da haƙurin manoman yankin suka haura 600, har a watan Nuwamba na 2018 aka ɗauki 8 aka kai gandun Gadabeji a jihar Maraɗi. Waɗannan dabbobi ba a cikin shinge suke ba, cikin gonaki da ƙauyuka suke kiwo, ganyen itatuwan ƙaya suke ci, kuma kowa ya san a jikin ƙaya iska ke rataye leda.

Haka ruwayenmu. Tafkin Madarumfa, na Gidimuni da na Tabalak suna cikin dausayoyin da duniya ta amince da muhimmancinsu a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, saboda kifi da tsuntsayen da ke sauka a cikinsu, wasu daga Turai suke tasowa. Ruwan farko na damina shi ke share garuruwa, ya kwashi duk abin da aka zubar ya kai gulbi da tafki. Abin da magudanan Yamai suka kwaso kuma a kogin Isa yake ƙarewa, inda dorina da ayu ke zaune. Tsuntsu na kwasar zare da leda ya kai sheƙa, ƴaƴansa su sarƙe. Tsohuwar komar roba da aka yar a ruwa ba ta ruɓewa, tana ci gaba da kama kifi ba mai ci.

Wace fasaha ce za ta yi aiki a nan?

Misalin da ya fi kama da namu daga Gambiya yake. A 1997, a ƙauyen Njau, wata mata mai suna Isatou Ceesay ta ga awaki na mutuwa saboda leda. Ita da wasu mata huɗu suka fara tsinta, su wanke, su yayyanka ta kamar zare, su saƙa ƴan jakunkunan kuɗi. Da farko dariya aka yi musu. Daga baya ƙungiyar ta bunƙasa, mata da yawa suka samu abin yi, kuma a 2015 Gambiya ta hana ledar cefane. Ba injin, ba lantarki, sai allurar saƙa da haƙuri.

Mu ma ai ba baƙi ba ne a wannan fage. Wanda ya san kasuwar Katako a Yamai ya san yadda ake narka tsohon dalma a yi tukunya, a mai da ganga murhu ko akwati. Takalmin taya, gugar tsohuwar roba, fitilar gwangwani, duk tun kaka da kakanni. Hannu muna da shi. Abin da ya rage shi ne a ɗora wa aikin saƙo.

Sai dai akwai abin lura. A garuruwanmu, malamai da yawa ba su yarda da sassaƙa siffar abu mai rai ba, kuma jama'a na jin maganarsu. Wanda ya kwaikwayi Kenya ido rufe, ya kafa ƙaton mutum-mutumin dabba a bakin kasuwa, yana iya tarar da an bar maganar leda an koma gardamar gunki. Ba dole sai ta nan ba. Ana iya saƙa tabarma, igiya, jakar lakwal ko faifai da leda. Ana iya yin ƙaton allo da murafun gorunan ruwa, a rubuta gargaɗi da boko da ajami. Masu wasan kwaikwayo da mawaƙa su ma suna da nasu fagen.

Abin kallon da ya fi kowanne ƙarfi kuwa yana hannun rundawa. Kullum suna ciro dunƙulen leda daga tumbi su jefar a bayan mayanka. Da za a wanke shi, a shanya, a auna, a rataye shi a kasuwar bisashe ranar cin kasuwa, a rubuta nauyinsa da irin dabbar da aka ciro shi daga cikinta, babu makiyayin da zai wuce bai tsaya ba. Wannan ba ya buƙatar kuɗin wata ƙungiya daga waje. Sarkin fawa da ma'aikacin kiwo da mushen lakwal sun isa.

Amma mu riƙe darasin Kenya: kallo kaɗai ba ya rufe famfo. Duk inda aka rataye wannan dunƙule, a haɗa shi da buƙata guda da za a iya cikawa. Misali, sarkin kasuwa da magajin gari su tsayar da cewa a kasuwa kaza an daina ba da baƙar leda kyauta. Masu ruwan leda su ajiye buhu a gefensu su karɓi abin da aka tsotse. A kewaye jujin gari da ƙaya yadda bisashe ba za su shiga ba. Mai zuwa cefane ya ɗauki kwando ko kwano, kamar yadda iyayenmu suka yi shekara da shekaru.

A kiyaye abubuwa biyu kuma. Kada a ƙona leda ko a narka ta a cikin gida, hayaƙinta guba ne ga huhu, musamman na yara da mata masu ciki. Kada kuma a tura yara tsintar shara kusa da gidan likita, saboda allurai da sauran abubuwan cutarwa. Duk abin da aka tsinto a wanke shi da sabulu kafin a taɓa yin aiki da shi.

Manyan duniya sun tashi daga Janeba hannu rabbana, kuma ba mu ne za mu tilasta musu ba. Amma dokar 2014 tamu ce, kasuwannin namu ne, bisashen ma namu ne. Ɗan uwa da ke waje, in ka bugo waya gida a wannan mako, bayan gaisuwa ka tambaya ina ragonka ke kiwo, a turke yake ko a juji. Rundawa da makiyaya da ke saurarenmu, wanda ya taɓa ciro irin wannan dunƙule ya aiko mana da bayani, da nauyinsa in ya auna, za mu karanta a shirinmu na gaba. Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya ba mu damina mai albarka.